Ni Na Sa Hannu a Takardar Auta

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aikin hanya, ya ciwon bayan nan naka? Direbanku ya kawo amsarka, na karanta da kaina har sau uku. Ka ce a cire ƙarin kawai, maganar na'urar ji a jira ka dawo bayan wata huɗu.

Maigida, abin ba ya jira. Likita ya zana mini a takarda. Ƙarin yana kan jijiyar ji, a kunnen da ya rage wa Auta, ɗayan kuwa ka san ya mutu tun tana ƙarama. In an cire shi, sauran jin ma zai tafi. Na'urar a ranar aikin ake son sa ta, don in an daɗe cikin kunnen toshewa yake yi. Bai yi mini alkawari ba, sai ya buɗe ya ga ko jijiyar ta tsira.

Saboda yarinyar nan na zauna a benci da furfurata na koyi baƙi da wasali, don mu riƙa hira a littafi tunda jinta ya yi rauni. A littafin na tambaye ta. Ta rubuta tana so, ta ja layi biyu a ƙasa.

Matarka,
Maman Auta

Baban Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, gara ka ji daga gare ni. An yi aikin, an sa na'urar.

Yaya, wanka, ya zo asibiti a madadinka, ya ce kan mutum ba rediyo ba ne da za a sa masa batir, ya ƙi taɓa takardar amincewa da aikin. Nas ta dube ni ta miƙo tawadar dangwale. Na ce ta ba ni biro. Layi ya taru a bayana, amma na rubuta sunana har ƙarshe, da rubutun nan da kake cewa kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Awa bakwai suka yi. Jijiyar ta tsira. Sai dai gefen bakinta ya ɗan karkace, likita yana sa ran zai koma. Yaya ya daina amsa gaisuwata. Ba za a kunna na'urar ba sai ciwon ya warke. In laifi ne, nawa ne, da sunana a jiki.

Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaisuwa, da fatan bayan ya yi sauƙi. Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na gane, fushi kake.

Jiya aka kunna. Da farko ta yamutsa fuska ta ce duk ƙara ce. Can na kira sunanta daga baya, ta waiwayo. Ta ce muryata ta koma ta agwagwa a cikin gwangwani, in daina ihu. Likita ya ce da sauran tafiya, sai ta yi watanni tana koyo. Mun saba da koyo a gidan nan.

Ka dawo da fushinka, ba zan ce na yi nadama ba. Amma in faɗa za ka yi mini, ka yi ƙasa-ƙasa. Yarinyar tana ji.

Taka,
Maman Auta