Inabin Baba Ya Yi 'Ya'ya

Bunkure,
14 ga Maris, 1986.

Zuwa ga ƙanena Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can Italiya, Allah ya tsare ka. Iya tana nan, sai ciwon ƙafa. Ka yi haƙuri, Iliyasu, Allah ya yi wa Baba rasuwa ran Laraba, bayan jinyar kwana tara.

Na san abin da zai fi ci maka rai, shi ya sa ban bar wa kowa rubuta wasiƙar nan ba. Ka tuna takardar da ka ba mu labarin tuddan Sowabe, da gonakin inabi iya ganinka, har ka ce farar giyar da ake matsewa ba a ba ta sunan garin sai in a ƙasarsa inabin ya tsiro. Kai murnarka kake yi ka ƙware a aiki, da ma tun kana ƙarami bakinka ba ya ajiya. Baba kuwa ya ce ɗan da ya koya wa noman tumatir ya koma noma wa mashaya. Shekara biyu bai ƙara ambatar sunanka ba.

Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Rassan inabi ukun da ka aiko, biyu sun mutu, don mun riƙa sakar musu ruwa kamar shinkafa. Na ukun Baba ya mai da shi kan tudu a bakin kanal ɗin ban-ruwa, ya kafa masa rumfa, ya hana kowa ba shi ruwa sai shi. In Iya ta tsokane shi, sai ya ce ai itace ba shi da laifi.

Bana ya yi 'ya'ya, nono ɗaya tak. Ran Talata Baba ya ce in tsinko masa. Bai gama nuna ba, sai tsami, amma ya ci ƙwaya biyu, ya ce in gaya maka ya yafe maka duniya da lahira, zancen aiki kuma tsakaninka da Ubangijinka. Sannan ya tambaya yaushe ake rage wa itacen rassa, kada ya lalace. Babu wanda ya sani a cikinmu.

Iya da Kawu Isiyaku da ƙanwarmu Ummulkhairi suna yi maka ta'aziyya. Har yau ba mu taɓa itacen ba. Ka zo ka nuna mana.

Yayarka,
Barira.