Sun Ce Akwai Ruwa a Ƙarƙashin Ɗakinka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Bappa, ni ce Dada. Ni nake faɗa, Malama Ladi maƙwabciyarmu take rubutawa. Ta ce za ta sa a waya mutane su karanta. Na ce ta sa, tunda dai ban san inda zan aika maka ba.

Shawara nake nema. Wata biyu da suka wuce wasu mutane suka shigo unguwa da igiyoyin waya da turakun ƙarfe. Su kafa nan, su ja igiya, su kafa can. Wai wuta suke turawa cikin ƙasa, ta je ta dawo ta gaya musu inda ruwa yake kwance. Babanka shekara talatin yana haƙa rijiya a Kwadon, shi suri yake dubawa da inda baure ya tsiro. Waɗannan ko ƙasar ba su sunsuna ba.

Sai ga mai unguwa da takarda mai launi-launi, wai taswira. Duk unguwarmu ja ce, ja kuma wai dutse ne, babu ruwa. Wani ɗan shuɗi ne kawai siriri kamar zare. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, Hajiya, nan ɗakin Bappa ne. In na yarda za a rushe ɗakin, mota ta shigo ta yi wa unguwa burtsatse. Ranar Juma'a zai dawo jin amsa.

Ni kuwa da na ga takardar sai na tuna na taɓa ganin irinta. Lokacin korona ne, Malama ta nuna min a wayarta, ƙasashen duniya kowace da launinta. Inda kake a Turai ja wur, mu nan ɗan fari-fari. Na tambaye ta me ja yake nufi, ta ƙi faɗa min.

Ka tuna yadda kake kira kullum? Dada, ki wanke hannu. Dada, kada ki shiga Kasuwar Gombe. Ina ce maka to. Ban gaya maka ba, lokacin sai mu kwana biyu 'yan ga-ruwa ba su shigo layinmu ba. Jarka ɗaya, ita ce girki, ita ce alwala. Da me zan yi ta wanke hannu? Kasuwa kuma na shiga, har biki na je Herwagana, muka ci a kwano ɗaya.

Kai da kake da famfo har cikin makewayi, mai zafi da mai sanyi, kai ka tafi. Ni da tarina na shekara da shekaru, ga ni zaune.

Na yi ta tambaya. Wani ya ce rana ce ta kare mu. Wani ya ce can tsofaffi sun yi yawa, mu yara ne suka fi yawa. To ni ba tsohuwa ba ce? Kai kuma da furfura uku a gemu? Malama ta ce don kana aiki a gidan da suke tara tsofaffinsu wuri ɗaya ne. Wani ma'aikacin asibiti kuma ya ce mu ma an mutu, ba a dai gwada ba. Wannan ta tsaya min a rai, don a watannin nan an yi jana'iza a layinmu fiye da yadda aka saba, aka ce zazzaɓi. Kowa da tasa. Na san ajali ne. Kaina ne dai bai ɗauka ba.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau zan faɗa. Abokinka da ya kira ya ce an yi maka sallah. Na ce wanka fa? Ya ce lokacin ba a barin kowa ya taɓa gawar. Ƙasa mai ruwa haka, Bappa, a rasa na yi maka wanka.

Shi ya sa ban buɗe ɗakin ba. Kayan mamaci wankewa ake a bayar sadaka, na sani. Naka suna nan a akwati, hular da ka manta ma tana nan a kan ƙusa. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba, sai nake ganin in na bayar ni na rufe ka da hannuna.

Jiya na ga Saratu matar tela, cikinta ya kai wata takwas, tana hawa tudu da jarka a kai. Ta sauke sau uku kafin ƙofarsu.

Ban san ko takardarsu gaskiya take faɗa ba. Za a iya rushe ɗakin a tarar da dutse, in rasa duka biyun. Amma yanzu da nake maka magana na ji abin da zan ce wa mai unguwa. Su rushe. Sharaɗina ɗaya: ruwan farko da ya fito nawa ne, da shi zan wanke kayanka, ni da kaina. In ba haka kake so ba, ka yafe min.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka ko a ina suka sa shi. Allah ya sa akwai ruwan, duk wanda ya sha ladan ya same ka.

Ni ce mahaifiyarka,
Dada.