Ba Ni Na Karya Makunnin Murhu Ba

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Mazauna Gidan Bene
Daga: Mazaunin gida mai lamba shida, hawa na biyu
Kwanan wata: Litinin, 12 ga Mayu

Game da: Makunnan murhun gas da suka maƙale, da hukuncin da aka yanke mini a kansu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne a kan hukuncin da kwamitinka ya yanke ranar Lahadi, 4 ga wata, na hana ni kusantar murhun gasa nama da ke tsakar gida. Kamar yadda ka sani, tun da na yi ritaya ni ke gasa wa gidan nan nama duk Asabar, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da tsoka ya ce ɗanya ce. Ga ƙorafina:

1. Ranar Asabar, 3 ga wata, na sauko da kaji cikin faranti, na tarar makunnai ukun nan da ake murɗawa a ƙara wuta ko a rage sun ƙi motsi, ba dama ba hagu. Na rufe tukunyar gas, na ba da shawarar a jiƙa su da ruwan zafi da sabulu, a zura tsumma ta bayansu, a jawo su a hankali, a wanke a mayar. Kafin ruwan ya tafasa maƙwabta sun cika wurin, kowa ya zo da ilimin sana'arsa, ba wanda ya zo da kunne.

2. Makaniken da ke ƙasa ya tsiyaya musu baƙin mai, shi ya sa har yau murhun ke warin gareji. Tela ya ɗaura wa na tsakiya igiya, ya sa ƙarti uku suka ja. Murhun ya biyo su har bakin famfo, makunni kuwa yana nan daram. Malamin lissafi bai taɓa komai ba, ya dai tsaya a kaina yana bayanin inda kowannenmu ya yi kuskure.

3. Daga nan sai maƙwabcina likitan haƙori ya sauko da awartaki. Ya dubi makunnin hagu, ya tabbatar mana ba zai yi zafi ba, ya kama shi ya girgiza kamar yadda ya saba, ya finciko. Rabi ya biyo awartaki, rabi ya zauna a jikin ƙarfe. Ya ɗora mini guntun a tafin hannu, kamar yadda yake miƙa wa mutum haƙorinsa, ya tafi wanke hannu. A daidai wannan lokaci ka shigo, ranka ya daɗe, ka same ni riƙe da shi, bakina a buɗe. Wannan ita ce dukkan shaidar da aka hukunta ni da ita, a zaman da shi likitan ne ya riƙe alƙalami.

4. Kwamiti bai binciki abin da ya maƙale makunnan tun farko ba. Ni na bincika, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa da ka san halinsu. Koren fenti ne ya kwarara ta bayansu, ya bushe, ya ɗaure su da ƙarfe. Ranar Alhamis ɗin makon, wani babba a gidan nan ya gama fenta ƙofarsa, ya ga saura a gwangwani, kuma mutum ne da ba ya son ɓarna. Sai ya shafe murhun tun daga murfi har ƙafa, bai cire makunnai ba. Ba zan ambaci sunansa ba saboda girmansa, kuma saboda shi ne ke karanta takardar nan. Na shaida niyyarsa ta alheri ce, murhun ma ya yi kyau ƙwarai.

5. Asabar ɗin da ta wuce a kicin ɗin maiɗakina na wuni, ina ɗaga mata murfin tukunya ina ba ta shawara a kan gishiri. Ta sanar da ni cewa idan haka ta sake faruwa, takarda ta gaba ita za ta rubuto maka, kuma ba za ta sa gaisuwa a ciki ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya janye hukuncin kafin Asabar mai zuwa, ya sayo makunni ɗaya a madadin wanda aka cire wa rabi, ya kuma bar ni ni kaɗai da sauran biyun da ruwan zafina, ba awartaki, ba igiya, ba lissafi. Ba na neman a ba ni haƙuri a gaban jama'a. Gaskiyar magana, ranka ya daɗe, raina ya ɓaci ne domin tun da na bar aiki ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa sai ranar Asabar, idan yaran gida sun zo tambaya ko na kunna wuta. Wannan Asabar ɗin ma sun zo, na ƙi buɗe ƙofa har suka gaji suka sauka.

Allah ya ƙara girma, ya ba kwamiti ikon yin adalci.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Mazaunin gida mai lamba shida,
wanda yara ke kira Baba Mai Murhu