Dubiyar da Ta Kwantar da Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas?

Raina a ɓace yake. Allurar da ake yi wa Inna saboda ciwon fatar nan mai ɓawo tana rage garkuwar jiki, shi ya sa likita ya ce ta nisanci masu tari. Amma Goggo ta kwashe ta zuwa Batagarawa dubiyar mai tarin fuka, suka yini ɗaki ɗaya, wai zumunci! Yanzu Inna na kwance da zazzaɓi, an dakatar da allurar sai an gwada ta. Na yi magana, an ce ba ni da kunya.

A sa Inna cikin addu'a, a gaishe da yara. Goggo kuwa har yau ba ta leƙo dubiya ba.

Ƙanwarka, Binta