Tsohon Rafin Bayan Gidana

Lahadi, 14 ga Yuli, 2024
Da muka dawo daga coci, autata Faith ta zagaya bayan gida, ta dawo fuska a murtuke. Wai rafi yana cin gaɓa, ya doso bangon ɗakin kwanana, in koma ɗakin gaba. Ni za a gaya wa halin rafi? Ni da na yi furfura ina koyar da jiyogirafi a Barnawa! Na ce mata kowane kogi yana da ƙuruciya da girma da tsufa. Namu na Kamazou, mai lanƙwasa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tsoho ne. Ba ya yanka, yashi kawai yake zubarwa. Ta ce, "Baba, a jami'a yanzu wannan a matsayin tarihi ake koya mana shi." Ya yi mini zafi ƙwarai.

Laraba, 17 ga Yuli
Ba mu sake maganar ba. A ɗakin kwanan nan nawa uwarta Celina ta rasu. Faith ta sani.

Asabar, 3 ga Agusta
Ta sake ɗauko zancen a hankali, tana ɓare mini gyaɗa. Wai masana sun daina ba ƙasa shekaru kamar mutum. Yanzu awo suke yi: yawan ruwan sama, irin ƙasar, ƙarfin gudun ruwa. Wai rufin kwano da simintin da aka cika tudu da su sun hana ƙasa shan ruwa, shi ya sa yake kwararo mana gaba ɗaya. "Rafin bai san ya tsufa ba, Baba." Dariya ta kuɓuce mini, ban so ba. Ta kafa turke a bakin gaɓa don mu gani. Na ce ta kafa goma.

Amma zanen nan nawa na allo, na ƙuruciyar kogi da girmansa da tsufansa, yana da kyau fa. Kwazazzabo, kwari, fili. Ɗalibaina da shi suka ci jarrabawa.

Litinin, 19 ga Agusta
Ruwa tun asuba. Babu turke.

Talata, 20 ga Agusta
Maƙwabcina Yohanna ya leƙo ta katanga: "Ticha, tsohon naka ya koma saurayi o!" Na share shi. Da Faith ta ce ai ta gaya mini, da ya fi mini sauƙi. Sai cewa ta yi waɗanda suka koya mini ba wawaye ba ne, da ido da ƙafa kawai suka yi aikinsu, kuma nata karatun ma wata rana za a yi masa gyara. Bakin uwarta ta ɗauko, yarinyar nan.

Alhamis, 22 ga Agusta
Mun jera buhunan yashi ni da Yohanna. Na mai da gado ɗakin gaba, sauro ne ya yi yawa a baya. Hoton Celina ni na cire da hannuna. Na ce wa Faith gobe ta nuna mini yadda ake awon nan, don kawai in ga inda suka yi kuskure.