A Buɗe wa Shanu Gadar Mashigin Kanya

Zuwa ga Mai Girma Injiniya, shugaban aikin gadar wucin gadi ta Mashigin Kanya, ƙasar Illela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshenta. Ban san sunanka ba, kai ma ba ka san nawa ba, amma mun taɓa tsayawa gaba da gaba. Sunana Hamma, ɗan kabu-kabu ne ni a Illela, ɗan fari ga marigayi Malam Umaru na rugar Kanya. Ni ne dogon nan da ya yi magana da yawun 'yan kabu-kabu bara, ranar da muka tare motarka muka kai ƙarar makiyaya. Yau na dawo ne in roƙi a warware abin da na roƙa da bakina. Ƙanena Sambo yana ratsa ruwan mashigin nan da shanu safe da yamma, ruwan da ya ci mahaifinmu, ga shi kuma damina ta sake kankama.

Na ɗaya. Yabon gwani ya zama dole, don haka zan fara da godiya. Da ruwan farkon daminar bara ya ɗauke tsohuwar gada, mun ga tashin hankali. Albasar mutanen Amarawa ta ruɓe a buhu a bakin rafi. Mata masu nono, har da Innata, sai su ɗora ƙwarya a ka su tattare zane su shiga ruwa. Mu kuwa mutum huɗu ke tallabar babur ɗaya su haye da shi. Ranar da motocinku suka iso da dogayen ƙarafa, har aka ɗora su daga wannan gaɓa zuwa waccan, ina cikin waɗanda suka yi ta danna ham don murna. Ni ne na uku da ya hau ta. Har gobe da ita nake ci da iyalina, ban manta ba.

Na biyu. Abin da ba ku lura da shi ba, mu ma da muka tashi cikin shanu muka yi kamar ba mu sani ba, shi ne saniya ba ta hawa irin wannan gada. Rugarmu tana gabashin rafi, da damina gonaki sun kewaye ta ko'ina. Wurin kiwo kuwa yana yamma. Tsohuwar gada ƙasa ce a bisanta, burtali ya bi ta kai, shanu na wucewa ba su ma san sun hau gada ba. Taku kuwa ƙarfe ce tsura. Kofato ya taɓa ta sai ta yi ƙara, ga tsaga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ana hango ruwa na gudu a ƙasa. Ranar farko uwar garkenmu, wata tsohuwar jar saniya da muke ce wa Wole, ta sa ƙafa ɗaya, ta ji ƙarar, ta sunsuna, ta ja da baya ta kafe. In uwar garke ta ƙi, ko ka karya sanda goma babu wadda za ta bi.

Baffa, haka muke kiran mahaifinmu, bai kai kuka wurin kowa ba. Ya tara dattawan ruga, suka yi kwana biyu suna jidar yashi da jakuna. Suka toshe tsagogin da kara, suka shimfiɗa yashin a kai, suka ɗaura zana a jikin ƙarafan gefe don kada dabba ta ga ruwa. Baffa ya kama Wole a kunne yana yi mata magana a hankali, ta bi shi, garke ya bi ta. Mako biyu shanu da tumaki da raƙuman masu zuwa kasuwar Lahadi suna hayewa lafiya lau.

Na uku, kuma nan ne laifina. Yashi da kashin shanu in suka sha ruwan sama a kan ƙarfe, santsi suke yi kamar an zuba kuɓewa. Mutum biyu daga cikinmu suka faɗi. Ɗaya abokina ne, ya ɗauko wata dattijuwa daga Kalmalo, ya karye a kafaɗa, ita kuma ta fasa baki. Rai ya ɓaci a tasha. Aka ce a je wurin Injiniya, aka ce Hamma ya yi magana tunda ya yi sakandare, kuma ɗan ruga ne, ba za a ce ƙiyayya ba ce. Kaina ya kumbura. Na tsaya a jikin tagar motarka na zuba bayani, har da Turancin da ban gama iyawa ba. Na ce gada ta ababen hawa ce, na ce makiyaya sun mai da ita turke. Da ka tambaye ni to ina shanun za su bi, da bakina na ce maka ai shanu sun iya iyo.

Ba ka sauko daga mota ba, ranka shi daɗe. Ba ka aika a kira ko mutum ɗaya daga ruga ba. Nan take ka ce a share yashin, a kwance zana, a kafa allo, a sa mai gadi. Washegari allon ya tsaya, da hoton saniya an ja mata jan layi. Mu muka yi sharar da kanmu don zumuɗi. Ina tsakar shara sai ga Baffa da garke. Ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, ya dubi allon, ya dubi tsintsiyar da ke hannuna. Na ɗauka zai yi faɗa a gaban abokaina. Sai ya ce mini da Fulatanci, in share da kyau kada wani ya sake faɗuwa. Ya juya shanunsa ya gangara mashigi.

Sau biyu ya je nemanka a inda kuka ajiye kayan aiki. Na farko aka ce ba ka nan. Na biyu mai gadi ya shiga ya fito, ya ce an ce a gaya masa doka ce, kuma shanu sun iya iyo. Maganata ce aka mayar masa, kalma da kalma. Gaskiya ne shanu sun iya iyo. Abin da ban faɗa maka ba, alhali na sani tun ina yaro, shi ne garke ba ya shiga ruwa shi kaɗai. Sai mutum ya shiga gaba, wani ya tsare maruƙa ta ƙasan ruwa don kada ya ja su. Mutumin da ke tsare maruƙan nan kuwa Baffa ne, dattijo da furfura har gira, mai ciwon gwiwa.

Na huɗu. Akwai halin wannan rafi da duk wanda ya zauna nan ya sani, ban ga alamar an gaya muku ba. Ruwansa ba namu ba ne. Sai sama ta yi tas a nan, rana na dukan mutum, amma an tafka ruwa can wajen Ƙonni, sai ka ji shi tafe da rugugi, ja wur, da itace da shara. Wanda ke tsakiya ba ya samun fita.

Ranar wata Alhamis ce cikin marka, bayan la'asar. Na ɗauko buhun gero biyu daga bakin iyaka, na hau gadar, na hango Baffa da Sambo a gaɓar yamma suna tattara shanu za su komo gida. Ruwa iya cinya, ba abin tsoro ba. Na danna masa ham, ya ɗaga mini sanda, na wuce. Ban kai ga sauke geron ba aka kira ni a waya.

Sambo ne ya ba ni labarin yadda aka yi, sau ɗaya, bai sake ba. Shi yana gaba da manyan shanu, sun kusa fita. Baffa yana baya da maruƙa, sai ruwan ya iso. Ya tura guda uku suka kama gaɓa. Ta huɗun, wata 'yar maraƙa da ba ta fi wata biyu ba, ruwa ya juya ta, ya miƙa hannu ya kama wutsiyarta. Shi ke nan ganin da aka yi masa. Duk wannan a ƙarƙashin gadarku ya faru, ranka shi daɗe, taku ashirin bai kai ba. Akwai mutane a bisa suna kallo suna salati, mai gadi ma yana ciki, har ya jefa igiya ba ta kai ba. Sai washegari da hantsi masunta suka same shi a cikin ciyawa ta wajen Kalmalo. Ni na shiga na ɗauko shi, na goya shi a bayana har bakin hanya. Ban san Baffa ba shi da nauyi haka ba.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da ƙaddara, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma Allah ya ba mu hankali, kuma sababi sababi ne. Kusan shekara guda ke nan, duk hawan da zan yi wa gadar nan sai na tuna ranar, kuma sau goma nake hawanta a wuni. Akwai ranar da na tsaya a tsakiyarta na kasa gaba na kasa baya, fasinja yana tambayata mi ya faru, na ce masa mai ne ya ƙare. Wallahi kunya nake ji, kuma kewar mahaifina nake yi.

Na biyar. An ce mana ta wucin gadi ce, da rani za a fara babbar gada. Rani ya zo ya wuce, ko buhun siminti ba mu gani ba. Ban zo tuhumarka a kan wannan ba, wataƙila ba a hannunka yake ba. Da rani rafi ya bushe, shanu na bi ta cikin yashi, kowa ya manta, ni ma na lallaɓa zuciyata na yi shiru. To ga ruwa ya dawo. Makon jiya ya kai wa Sambo ƙugu. Yanzu shi ne a gaba, shi ne a baya, don babu mai tsare masa maruƙa. Na ce in ajiye babur in taya shi, ya dube ni ya ce ni da na bar sanda tun ina ɗan shekara goma sha biyar, kaya zan zame masa a cikin ruwa. Bai yi ƙarya ba. Matarsa tana da goyo. Allon yana nan, an ma sake masa fenti.

Ga abin da nake roƙo, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A cire allon nan, ko a rubuta lokaci a jikinsa. Shanu sau biyu suke wucewa, da hantsi da kuma bayan la'asar. A tsayar da mu 'yan babur da masu mota na ɗan lokaci su haye. Muna tsayawa a shingen bakin iyaka fiye da haka ba mu mutu ba.

A ware gefe ɗaya na gadar, faɗin saniya biyu, a toshe tsagoginsa, a zuba marmara a daddaɓe, a kare gefen da zana ko langa-langa. Ɗaya gefen a bar mana ƙarfenmu. Sharar kashin shanu kuwa na ɗauke ta a kaina, kullum, ba na son ko sisi. Na yi magana da abokina wanda ya karye a kafaɗa, ya ce zai kama mini.

In duk wannan ya saɓa wa ƙa'idar aikinku, to ka zo da kanka ka gaya mana abin da zai yiwu. Ka sauko daga mota, ka zauna da dattawan ruga ko na rabin sa'a ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba diyya muke nema ba, ba mu kuma ce a kori mai gadi ba, umarni aka ba shi, kuma ya zo mana gaisuwa har sau biyu.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini wuya. An ba ni shawara in kawo maka takardar nan a ɓoye, na ƙi. Na san aljihun tebur, na san yadda takarda ke kwana a ciki. Na zaɓi a buga ta kowa ya gani, ko da zan ji kunya, don kada a ce ba a ji ba. Innata ba ta san ni na kai ƙarar nan ba. Baffa bai gaya mata ba har ya koma ga Allah. Sambo ya sani, ya rufa mini asiri. Ni ɗan fari ne, a al'adarmu ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana ba, amma kullum na je ruga sai na tarar ta ajiye mini nono a 'yar ƙwarya ta rufe da faifai. Cewa take yi mutanen birni ne suka hana mijinta gada, Allah ya isa tsakaninta da wanda ya kai ƙarar. A gabana take faɗa, ni kuma in sunkuyar da kai.

Ba ta karatun boko, amma tana kai nono Illela kullum, kuma Illela ba a rasa mai karanta wa mutum abin da ya shafe shi. Kafin Lahadi za ta ji. Na auna, na ga gara ta ji, ta yi duk yadda za ta yi da ni, da in sake shiga ciyawar Kalmalo in ɗauko mata wani. Ina roƙonka don girman Allah, kada ka bari in yi wannan tonon asiri a banza.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya tsare maka 'ya'yanka daga abin da za su yi nadamarsa har abada. Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada. Allah ya fitar da Sambo lafiya yau da gobe, har ranar da za ka amsa.

Ni yanzu zan kai takardar nan inda za a buga ta, daga can in wuce ruga. Gara Inna ta fara ji daga bakina.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Hamma ɗan Umaru,
ɗan kabu-kabu, Illela.