Bahon Gwanjo da Dutsen Inna

Asabar, 6 ga Oktoba, 1956

Sallama irin ta baƙon da ya san bai kyauta ba, ya kai littafina, ma'ajin abin da baki ke jin nauyin furtawa. Ina gaishe ka gaisuwar girma, ina kuma neman gafara bisa kutsen da alƙalamina zai yi cikin farin filinka, bayan na yashe ka wata bakwai a ƙasan adaka. Ba raini ba ne. Wanda gidansa ke lafiya ba ya neman inda zai kai kuka.

To, gidana ba lafiya. Yau kwana arba'in ke nan Inna ba ta cikinsa. Ta faɗi a makewayi cikin marka, gwiwarta ta kumbura, ƙanwata Saratu ta zo ta tafi da ita Zariya a yi mata magani. Labari ya iso cewa kumburi ya saɓe, amma Inna ba ta iso ba. Sau biyu na aika saƙo ta hannun Inuwa, mijin Saratu, amsa ɗaya ce: "Tana gaida mutanen gida."

Ni ne ɗan farinta. Tun da na zo duniya ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa duban tsabar idona ba. In ta kama dole, "wancan na zaure" take cewa. Saboda haka ba zan tambaye ta dalili ba, ita kuma ba za ta faɗa ba. Amma mai hankali ishara ta ishe shi: makewayin nan ne. Marigayi Baba ya gina shi tun unguwarmu Abakpa tana 'yan gidaje, yanzu katanga ta sha ruwa, ƙasa duk gansakuka. Na ɗaura niyyar gyara mata wurin wanka wanda babu irinsa daga nan har bakin kogi, don ta dawo ɗakinta.

Litinin, 8 ga Oktoba

Baturen ofishinmu yana da wani ƙaton littafin hotunan kayan sayarwa na ƙasarsu. Da ya fita cin abinci na buɗe wajen ɗakunan wanka. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam dabara! Ƙasa sumul kamar fuskar madubi, bango fari sol, ga wani kwami na ƙarfe mai ƙafa huɗu wanda mutum ke kwanciya a ciki. Na kwafi zanen a bayan takarda.

Na nuna wa matata Sa'adatu bayan la'asar. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam, wannan ɗakin wanka ne ko ɗakin amarya?" Shekara ashirin da biyu muna tare, har yau ba ta bar ni na gama jin daɗin abu ba ta sa masa gishiri. Allah ya bar mini ita.

Asabar, 13 ga Oktoba

Rana mai albarka! Wani Bature zai koma gida, an yi gwanjon kayansa, na samo baho, irin na hoton nan sak, ƙafafunsa kamar dagin zaki. Ƙarti huɗu suka turo shi a amalanke, unguwa ta fito kallo. Kafin mu iso ƙofar gida baiti ya sauko mini:

Maraba da kai, baho, ƙanen farin wata,
Kai za ka maido mini da mahaifiyata.

Na rera wa Sa'adatu. Ta zagaya shi sau biyu, ta ƙwanƙwasa shi da ludayi, ta ce, "Madalla, jirgi ya iso. Saura kogi."

Talata, 16 ga Oktoba

Rabe birkila ya fara aiki. Basakkwace ne, gajere, maganarsa kamar saran gatari. Ya auna ƙofar makewayi da igiya, ya auna baho, ya ce, "Malam Akawu, wanga abu ba ya shiga sai an kada katanga." Na ce a kada. Aka kada.

A tsakiyar wurin akwai wani faffaɗan dutse mai kaushi, wanda Baba ya ɗauko daga kogi shekarar da ya gina gidan. A kansa Inna ke zama ta yi wanka tun ina goye. Rabe ya dafa shi ya ce, "Dutsen ga fa?" Na ce a fitar, zamaninsa ya wuce. Ya dube ni, sannan shi da yaransa suka mirgina shi bayan zaure.

Mun ɗan yi musu kan daɓe. Ni ina son siminti mai sulɓi, a goge shi har ya riƙa ɗaukar ido. Shi ya ce, "In ya sha sabulu, ko ƙadangare ba ya tsayawa bisa nai." Na nuna masa zanena. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san santsi. Na ce a yi yadda na ce. Abu ɗaya na yarda masa: rariya ta ci gaba da zuba a gindin lallen Inna, kada ya bushe.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Bayana na ciwo, alhali ban ɗauki komai ba sai umarni.

Asabar, 27 ga Oktoba

An gama. An shafe bango da farar ƙasa, an rufa kwano, baho na zaune a tsakiya kamar ango. Na ce ba zan aika Zariya ba sai na gwada da kaina.

Ya littafina, ka rufa mini asiri. Garwa huɗu mai ruwa ya juye, ruwan bai rufe mini gwiwa ba. Shiga kuwa sai da na ɗaga ƙafa kamar mai hawan raƙumi. Na zauna cikin ruwan da na wanke jikina da shi, zuciyata tana tambayata ko wannan wanka ne ko jiƙo. Da na zo fita, na sa ƙafar dama bisa madubin nan nawa, sai ga ni ina kallon kwanon rufi. Na ƙwalla kira, "Sa'adatu! Sa'adatu!"

Ta zo a guje, ta miƙo hannu tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Sannu, sarkin jirgi." Can kuma dariyar ta ɗauke ɗif, kamar an hure fitila. Na tambaye ta lafiya, ta ce sai gobe.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Da hantsi ta kawo mini koko, ta zauna a bakin tabarma, abin da ba ta saba ba. Zan rubuta yadda ta faɗa, ba zan yi masa ado ba.

Ta ce, "Malam, jiya da ka faɗi, ka kira sunana na zo. Ita wa za ta kira?"

Ashe ba gansakuka ce ta kada Inna ba. Akwai wani turke a jikin katanga wanda take kamawa ta miƙe daga kan dutse. Katanga ta jiƙe, turken ya zare a hannunta. Ranar Sa'adatu ta tafi suna Unguwar Sarki. Ba kowa a gidan sai ni, ina zaure. Daga hantsi har aka kira azahar Inna tana kwance a ƙasa, ana yayyafi a kanta, tana jin tarina, tana jin ina rera abin da nake rubutawa. Taku ashirin tsakaninmu. Ba ta kira ba. Sunan da za ta kira bai taɓa fita daga bakinta ba, kuma a wane hali zan same ta?

Sa'adatu ce ta dawo ta tarar da ita, ta suturta ta, sannan aka kira ni aka ce yanzun nan ta faɗi. Sa'adatu ta ci gaba, "Inna ta ce kada in gaya maka, kada ranka ya ɓaci. Ni ma na yi shiru, na ga kana murna da jirginka. Amma jiya na ga abin da ka gina zai karya ta gaba ɗaya." Ta ce Inna ba ƙin gidan nan take yi ba. A Zariya in ta faɗi, akwai Saratu, sunan da bakinta ke iya kamawa.

Kokon ya huce a gabana.

Litinin, 29 ga Oktoba

Na binciko waƙar da na yi a ranar da Inna ta faɗi. Baiti ashirin da biyu, cikin yabon ruwan sama.

Laraba, 31 ga Oktoba

Na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na tambayi wadda ta sani. Sa'adatu ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta nuna mini a tsakar gida. Nan Inna ke zama, nan ƙwaryar ruwa a damanta, nan soso da sabulu, a gefen dutsen take goge kaushin diddige. Gwiwar hagu ce maras ƙarfi, don haka da hannun dama take jan jiki ta tashi. Ba ta son rufi, ta fi son rana ta dafa mata baya. Shekara arba'in da shida ina ɗanta, sai yau na san wannan.

Na je na samo Rabe. Na shirya masa doguwar magana mai ban haƙuri, bai bari na kai rabi ba. "Ka faɗi ko?" Na ce na faɗi. "To, mu tai."

Asabar, 3 ga Nuwamba

Kwana uku ana warware abin da na ƙulla. An sassare daɓen, an sake zuba wani, Rabe ya ja masa tsintsiya tun yana ɗanye, ya fito da kaushi kamar harshen kyanwa. An ɗaye rabin kwano ta wajen da hantsi ke shigowa. An mirgino dutse, an ɗora shi bisa bulo don ya ƙara tsawo da taƙi ɗaya, tashi ya yi sauƙi. A maƙeran Babbar Kasuwa na sa aka lanƙwasa mini bututun ƙarfe, Rabe ya dasa shi cikin siminti a dama da dutsen. Ya rataya a jikinsa da duk nauyinsa, ya ce, "Wanga ko jikanka ya tsufa ya kama."

Baho yana gindin bedi. Sa'adatu ta jiƙa wanki a ciki, ta ce bai taɓa yin kyau irin na yau ba.

Saura abu ɗaya, shi ya hana ni sakewa. Ƙarfe na iya hana faɗuwa, amma in ƙaddara ta zo fa? Ina goge kekena bayan azahar sai babban yatsana ya taɓa ƙararrawa. Na kwance ta, na ɗaure ta a jikin ƙarfen, ƙasa-ƙasa, inda hannun mai zaune ko mai kwance zai kai. Na koma zaure na zauna inda na zauna a waccan rana, na ce Sa'adatu ta kaɗa.

Na ji. Tar na ji.

Litinin, 5 ga Nuwamba

Na tafi ofis ina ta "Hanya! Hanya!" da baki kamar mai amalanke. Abokan aiki sun yi dariya. Ba komai.

Na dawo da tabarmar rubutuna bakin ƙofar zaure ta ciki. Haske ya fi kyau a nan, ba don wani abu ba.

Na zauna in tsara wa Inna waƙar kiranye, alƙalami ya ƙi. Wataƙila tawadar ce. Ga dai abin da na rubuta wa Inuwa, direban motar Zariya zai kai gobe da safe:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Ka gafarce ni da ɗora maka wannan aiki. Ka sa Saratu ta gaya wa Inna, a matsayin labari, ba saƙo daga gare ni ba: dutsenta yana wurinsa. An kafa ƙarfe a damansa. Rana tana shiga. Lallenta ya yi toho. Akwai ƙararrawa a jikin ƙarfen, wanda ya kaɗa ta ba sai ya kira sunan kowa ba, Sa'adatu za ta zo, in ba ta nan za a kira maƙwabciya, wancan na zaure ba zai wuce bakin ƙofa ba.

Ina roƙon ka, don zumunci, ka rubuto mini amsa a motar Jumma'a, kada ta wuce. In ta ce wani abu, ka rubuta shi yadda ta faɗa. In ta ce tana gaida mutanen gida, ka duba mini ko ta tambayi inda aka ajiye ƙullin kayanta, alamar mai shirin komowa. In kuwa shiru ta yi, ka rubuto mini irin shirun."